Gurbi Ɗaya, Mu Biyu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna? Ki ce mata ta rage hawa benen nan, ko da yake na san ba ji za ta yi ba.

Yaya, na kasa zama wuri ɗaya, shi ya sa na ɗauki biro. Wata gidauniya ta aiko wa laburarenmu sanarwa. Za su kai ma'aikatan ɗakunan karatu kwas na wata shida, a koya musu yadda ake ɗaukar tsofaffin takardu a hoto a adana a kwamfuta kafin gara ta gama da su. Jirgi, masauki, komai nasu ne, kuma wanda ya dawo shi zai riƙe sabon sashe. Sai dai mutum ɗaya za su ɗauka daga kowane laburare, kuma kada ya haura shekara arba'in da biyar. Kin san shekaruna, ke kika goya ni. In ban samu bana ba, shi ke nan.

Takardar a hannuna ta faɗo, tunda ni nake buɗe wasiƙu. Ko Oga bai gan ta ba. Da na cusa ta a jaka, wa zai sani? To amma ƙa'idar aikinmu, duk sanarwar da ta shigo allo ake kafa ta. Wallahi ban ma yi tunani ba, sai ganin kaina na yi ina danna mata fil da babban yatsa.

Kin tuna Sabuwa? Yarinyar nan da na koya wa jera littattafai tana sabuwar zuwa aiki. Har ta haihu biyu amma sunan ya bi ta. Ita ta fara tsayawa gaban allon. Can sai ga ta a teburin tambaya, inda nake zama, tana murza mayafi, wai yaya ake rubuta irin wannan neman? A teburin nan ba a ce wa mutum ban sani ba alhali an sani. Na zaunar da ita, na warware mata komai tiryan-tiryan. Da ta gane ni ma ina nema, ta ce in ina so sai ta janye. Ni da shegen bakina na ce haba, ai kowa da rabonsa. Tun daga lokacin nake jin haushin kaina.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa. Wasiƙarki ta iso, na kuma sha faɗan da ke ciki, na gode. Ina fatan zazzaɓin ƙaraminku ya sauka.

An kira mu ganawa, ni da Sabuwa, mu biyun duka. Tun da labarin ya zo abinci ba ya shiga. Na share kantar jaridu, na sake sharewa, har mai gadi ya tambaya ko baƙi za mu yi.

Ga abin da ya hana ni sakat. Littafi ɗaya tak muke da shi kan adana takardu a kwamfuta, kuma na tabbata daga irinsa za a yi tambayoyin. Na karance shi, na ɗora a keken mayar da littattafai, sai na ji Sabuwa tana cigiyarsa. Yaya, bari in faɗa miki sirrin aikinmu. In kana so littafi ya ɓace, ba sai ka sace shi ba. Ka dai ajiye shi a kantar da ba tasa ba. Kowa lambar da ke bayansa yake bi, don haka sai ya shekara a cikin ginin ba wanda ya gan shi.

Na tura keken har lungun littattafan kiwon kaji, inda ko ƙuda ba ya zuwa. Na buɗa masa wuri tsakanin wasu manya biyu. Na tsaya ina kallonsa, lambarsa daban, ta maƙwabtansa daban, sai na ji kamar na sa takalmi a ƙafar da ba tasa ba. Hannuna ya ƙi sakinsa. Na zare shi, na kai mata har tebur, na ma nuna mata babin da ya fi muhimmanci, kin ji wauta!

Baban yara ya ce na kyauta. Na ce masa ya rufa min baki, shi ba kwas zai rasa ba. Ina son abin nan, Yaya. Ina son sa har ina jin kunyar yadda nake son sa. Na gaji da buga wa littattafai tambari.

A gaida Inna, a ce ina nan tafe in na samu sarari.

Taki,
Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Mu ma jiki lafiya, alhamdu lillahi.

Sabuwa aka ɗauka.

Oga ne ya kira mu ofis ya faɗa, yana ta gyara tabarau don kada mu haɗa ido. Na rungume ta, na yi mata barka, muryata ko rawa ba ta yi ba. Daga nan na wuce ɗakin ajiyar tsofaffin jaridu na rufe ƙofa na yi kukana, na ce wa mai shara ƙura ce ta shiga idona. An ce ta yi ƙoƙari sosai a ganawar, kuma na yarda, yarinyar tana da kai. In ta dawo ita ce shugabar sabon sashen, ita za ta koya mana. Ina taya ta murna, ina kuma jin zafi, duka biyun gaskiya ne.

Ina komawa gida na tarar da akwatin tafiyar da kika aiko da direba. Haba Yaya, me ya kai ki? Lokacin ko sakamako ba a fitar ba! Sabo fil, da ledarsa, mai taya huɗu. Yara sai tura shi suke a tsakar gida suna cewa Mama za ta hau jirgi.

Na san za ki yi faɗa, amma na riga na yi. Sabuwa ba ta da akwati, na ji tana neman aro, sai na sa aka kai mata shi. Ta kira tana ta godiya har da kuka, wai ba ta taɓa ganin mai zuciya irin tawa ba. Na ƙyale ta kawai. Ke dai zan faɗa wa gaskiya: ba don kirki na ba ta ba. Ba zan iya wata shida ina buɗe ido ina ganin sa a kan kabad ba.

Kada ki faɗa wa Inna tukuna, zan zo da kaina. Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Auta