Agogonku Ya Ɗora Mini Laifin Wani

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke da shagon intanet na bakin kasuwar Zuru.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ranka ya daɗe.

Sunana Hauwa'u, matar Malam Bala, mataimakin hedimasta a wata firamare ta hanyar Wasagu. Wata Talata, wata uku da suka wuce, na shiga shagonku da hantsi, na zauna a kwamfuta ta huɗu. Ni mai karatun littattafan soyayya ce, kowa a unguwarmu ya sani, har tuwo na sha ƙonawa a kansu. Ranar na je aika labarina na farko ga wata mujalla a Kano. Na fito ina tafiya kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

A wannan safiya wani ya aika wa ofishin ilimi imel marar suna daga shagonku, yana yi wa hedimastan mijina ƙazafi mai muni. Da ofishin ya nemi bayani, kuka ba su takarda mai sunana. Aka ce mijina ne ya sa ni, don yana son kujerar. An dakatar da shi daga aiki.

Ga ƙorafe-ƙorafena. Na farko. Injiniyanku, Malam Audu, mutum mai tsoron Allah, ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Babbar kwamfutarku tana da manhaja mai kama kowane guntun saƙo da ya fita daga shagon, ta rubuta lokacinsa. Amma awa da minti kawai take rubutawa, ba ta rubuta sakan. Imel ɗin ƙazafin, bisa lokacin da ke jikinsa, ya fita ƙarfe sha ɗaya da minti arba'in da biyu da sakan tara. A cikin wannan minti kwamfuta biyu suka aika saƙo, ta huɗu da ta bakwai. Ni na rubuta sunana a littafin baƙi. Wanda ya zauna a ta bakwai bai rubuta nasa ba. Shi ke nan hujjarku.

Na biyu, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Batirin agogon babbar kwamfutar ya mutu tuntuni. Duk sa'ad da aka ɗauke wuta aka tada janareta, mai tsaron shagon ke saita lokacin da hannu, yana duba agogon hannunsa. Ta bakinsa na ji cewa yakan ƙara wa agogon nasa minti biyar don kada ya makara sallah. Ranka ya daɗe, da wannan agogo kuka yi mini shaida?

Na uku. Malam Audu ya ce sau biyu ya rubuto muku cewa ana iya gyara manhajar ta riƙa rubuta lokaci har kashi ɗaya cikin dubu na sakan, a kuma haɗa agogon da na intanet. Ba ku amsa ba.

Yanzu surukata ba ta amsa gaisuwata. Mata a bakin rijiya suna cewa ai mai karanta irin waɗannan littattafai ta iya shirya ƙarya. Mijina kuwa a zaure yake wuni.

Ina roƙonku ku rubuta wa ofishin ilimi cewa takardarku ba ta iya bambance tsakanin kwamfutocin nan biyu. Ku gyara manhajar, ku sayi batiri, kafin a sake kama wata.

Allah ya ba ka ikon faɗin gaskiya, ya tsare iyalinka daga zargin abin da ba su yi ba.

Ofishin ya ce in na sa hannu a takardar amsa laifi, na ce ni kaɗai na yi, za a mayar da mijina aiki ranar Litinin. Na gaya wa ofishin, yanzu kuma ina gaya maka: ba zan sa hannu ba.

Wassalam.

Hauwa'u Bala, Zuru.