Baba ya ce in kifi ba su ci ba, shi ma ba zai ci ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ina neman shawararku, na gaji, kuma na rasa wanda zan gaya wa.

Muna zaune a Alsawra, cikin Omdurman. Ina da kwamin kifi guda uku a wata gona kusa da kogi, karfasa nake kiwo, wadda a nan muke kira bulɗi. Da yaƙi ya tashi na kwashe matata da yara muka bar gari, mahaifina ya ƙi binmu. Malami ne, ya haura saba'in, ɗalibansa sun watse, mahaifiyarmu ta riga mu gidan gaskiya. Shi ya ci gaba da zuwa gonar a raksha, wato babur mai ƙafa uku, wani lokacin a ƙafa, yana jan ruwa yana ba kifin abin da ya samu. Da abubuwa suka lafa na dawo, na tarar da kwami ɗaya da rai, na sake zuba kifi a sauran biyun. Tun daga nan makullin ɗakin abincin kifi yana aljihunsa, ban taɓa tambayarsa ba.

Mako biyu da suka wuce kifin suka fara taruwa a bakin bututun da ruwa ke shigowa, suna ɗago baki sama. Na ɗaga murfin kunnen ɗaya, wurin da yake numfashi, maimakon ja sai na ga ya koɗe, ya kumbura, ga yauƙi. Likitar dabbobi ta zo ta duba, ta ce ƙwayoyin cuta ne, cunkoso da dattin ruwa ke ba su ƙarfi. Ta ce a rage kifin, a canza ruwa, a yi musu wankan gishiri, kuma a tsayar da abinci gaba ɗaya na wasu kwanaki, domin kifin da ya ci yana buƙatar iska fiye da wanda bai ci ba, abin da ya bari kuma ruɓewa yake a ƙasa.

Na yi duk abin da ta ce, amma mutuwar ba ta ragu ba. Kowace safiya sai na kwashe matattun da bokiti. Ranar huɗu na yi sammako, na tarar da Baba tsugune a bakin kwami yana watsa abinci, har yana ƙara musu, wai marar lafiya ne ya fi buƙata.

Na yi masa bayani a tsanake, har na buɗe masa kunnen kifi ya gani. Ya ce, "Ya waladi, ɗana, dabbar da ka tsare, cinta yana wuyanka. Kogi muka hana su. In sun mutu da yunwa a hannunmu, likitarka ce za ta amsa tambaya ko ni?" Na ce ba yunwa ke kashe su ba, numfashi ne. Ya ce lokacin da ake ruwan harsashi bai bar su sun kwana da yunwa ba, sai yanzu da na dawo da ilimina. Wannan ta yi min zafi, domin gaskiya ce.

Na kira likitar ta yi masa magana a waya, ya saurara har ƙarshe, ya gode mata, ya ce kalas, shi ke nan, ya ji. Washegari bai ba su komai ba. Na ji daɗi, sai da na koma gida matata ta nuna min kwanon kisrarsa, gurasar dawa da muke ci a nan, a rufe yadda ta ajiye. Ya ce mata tunda an ɗora wa kifi azumi, shi ma ya ɗauka tare da su. Baba yana da ciwon sukari. Kafin la'asar hannunsa na rawa. Ni da bakina na ce ya je ya ba su, don ya ci.

Yanzu kwami ɗaya ya ƙare, na biyu ya kama. Wana da ke Alsahafa ya ce in canza kwaɗon ɗakin kawai, tsufa ne, zai yi fushi ya huce. Amma shi bai ga hannun nan yana rawa ba. Na sayi sabon kwaɗon, kwana uku ke nan yana aljihuna.

Malamai da masu kiwon kifi na cikinku, ku taimaka min. In kulle ɗakin in tsaya ina kallon mahaifina yana ƙin abinci, ko in bar masa makullinsa in ci gaba da zuwa da bokiti?