Igiyar Labule

Ɗana,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya gajiya? Ya ƙafar matarka, ta daina kumburin? Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwar nan tawa.

Jiya maƙwabciya ta raka ni na ga wasan kwaikwayon naku. Ni dai ban yi karatu mai nisa ba, amma na gane. Wai tun mutumin wasan yana cikin uwarsa aka ce shi zai kashe ƙaninsa, ya gudu, ya gudu, ƙarshe dai sai da ya kashe shi. To duk mutanen da kake da su ba ka ga wanda zai fito a ƙanin ba sai Autana? Kana tsaye a kansa da wuƙar katako, mutane suna tafi. Haba! Ana wasa da irin wannan? Ka cire shi. Ba shawara nake ba ka ba. In ka ƙi, ban yafe ba.

Ka gaida mutan gida.

Innarka

Kai,

Gaisuwa. Ba sai na tambayi lafiyarka ba, kai ai kullum lafiya kake.

Yanzu na dawo daga asibiti. Likita ya ce Auta ba zai ƙara takawa ba, ƙashin baya ya tafi. Abokan aikinku sun gaya min komai. Wai a wurinku duk wanda ba ya cikin wasa shi ke riƙe igiyar labule a baya, ƙarƙashin ƙarfen nan mai nauyi da aka rataye labulen a jikinsa. Da ka cire Auta, shi aka ba igiyar. Wai sai ka ɗaga wuƙa ake sakin igiya. Ka ɗaga, ya saki, ƙarfen ya tsinko a kansa.

Matarka ta zo tana min hawaye, wai ƙaddara ce, wai ai ni na ce a cire shi. Na nuna mata ƙofa. Na ce ka cire shi, na ce ka kai shi ƙarƙashin ƙarfe ne? Ƙaddarar me? Hannun wa aka ɗaga? Tun kuna yara kake jin haushin yaron nan, ina gani ina shiru.

Auta yana ta tambayarka, wai a ce maka ba laifinka ba ne, wai ka zo ya gan ka. Na ce masa ka yi tafiyarka, ko sunansa ba ka ambata ba. Ya juya fuskarsa bango.

Kada ka zo. Kullum ina zaune a bakin ƙofar ɗakinsa.

Ni ce,
Uwar Auta