Baitocin da Inna Furera Ta Ƙi Faɗa

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Mun sauka a wani ƙauye kusa da Tsanyawa, ni da ɗalibaina na sashen wasan kwaikwayo. Gonaki a share, kamar allunan da aka wanke suna jiran tawadar sama. A kan Muntaka na gina wasan bana. Gurgu ne, mahaifinsa ya rasu, baffanninsa suka riƙe gonar gadonsa, wai mai rarrafe ba ya noma. Shi da mahaifiyarsa, Inna Furera, za su fito a matsayin kansu a ƙofar dagaci. Idan zukata suka motsa, gona za ta dawo kafin shuka.

Laraba, 8 ga Mayu
Na tsara wa Inna baitoci da nake alfahari da su:
"Muntaka ɗana, sanyin idona,
Ku ba shi gonarsa, ku kashe min ƙuna."
Da aka karanta mata, sai ta ja mayafi ta rufe baki. "Malam, ɗan fari ne fa. Ban taɓa kama sunan wancan ba, sai yanzu a gaban maza?" Na san kunyar ɗan fari sarai. Amma rayuwata kaf ina koyar da cewa dandali wurin fasa shiru ne. Na dage.

Alhamis, 9 ga Mayu
Ba ta zo gwaji ba. Muntaka yana dariya: "Malam, ko zazzaɓi nake, ƙanwata take aikowa ta dubo ni."

Asabar, 11 ga Mayu
Inna lillahi. Yau aka yi wasan. Inna Furera ta zo, ta tsaya tsakiyar taro, lokacinta ya yi, ta sunkuyar da kai. Shiru. Babban baffan ya miƙe: "To kun gani! Uwarsa ma ba ta ce a ba shi ba!" Aka kwashe da dariya. Dagaci ya tashi sallar la'asar. Muntaka ya juya kekensa, bai dube ni ba.

Talata, 14 ga Mayu
Ruwa ya sauka. An ce baffannin sun shuka gero a gonar. A jami'a kuwa ana ta yi mini barka da ƙoƙari.

Juma'a, 17 ga Mayu
Na hau motar Tsanyawa ni kaɗai. Inna ta same ni a zaure, idonta a ƙasa. "In babu taro, Malam, in dagaci ya tambaye ni a soronsa, zan ce a ba yaron nan haƙƙinsa." Na buɗe baki in ƙawata mata jimlar, sai na mayar na rufe. Gobe da hantsi za mu je, ni zan tura keken. A gida kuwa, da aka tambaye ni dalilin tafiyar, na ce wake zan sayo.