Takin da Sabitu ya kwashe

Bauchi, 9 ga Mayu, 1958

Zuwa ga Yaya Hammadu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa kana lafiya a Ikko, kai da iyali. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zuwa gona.

Yaya, tun da na gama makarantar aikin gona na haƙa rami uku a bayan gidanmu na Gwallaga. Biyu na cika su da kashin awaki da toka da shara, ina yayyafa ruwa, ina juyawa duk sati uku, don gonar Inna. Maƙwabcinmu Sabitu ya sa mini suna Malam Juji, a ƙofar masallaci yake kirana haka, mutane na dariya. Ranar Talata na dawo daga rangadi na tarar ya kwashe duka ukun da jakuna, mangala arba'in da ɗaya, Inna ta ƙirga. Gaban mai unguwa ya ce juji ba shi da mai shi, aka kuwa sallame mu. Inna ta yi kuka, bana gonarta ba taki.

Abin da bai sani ba, rami na uku ba taki ba ne. Wuta-wuta ce, ciyawar nan mai kashe dawa, da na tuge bara, da 'ya'yanta a jiki, na rufe don in ƙone. Irinta ya fi gari laushi, kuma yana shekaru a ƙasa bai mutu ba. Jiya na bi ta Gubi na ga ya baje shi a duk gonar dawarsa. Na ce masa sannu da aiki. Raina yakan ɗan tashi idan na tuna 'ya'yansa, amma da na tuna fuskar Inna sai ya kwanta. Ina son ya tsaya cikin dawarsa tana ƙanjamewa, ya zo da ƙafarsa ya tambayi Malam Juji magani.

Na san za ka ce in gaya masa. Na lissafa: wasiƙa kwana tara zuwa, tara dawowa, shi kuwa da ruwan farko zai yi shuka, ga hadari ya fara haɗuwa.

Ka gaida Yaya Habibatu da su Hamsatu. Inna na sa muku albarka.

Ƙaninka,
Babayo