Dosiyen da Aka Maido Sau Biyu

Litinin, 8 ga Maris 2010, Tasawa
Sun maido mana dosiye daga Maraɗi, takardun neman tallafi na ƙungiyarmu mai taimakon waɗanda aka yi wa fashi. Malam Gado, wakilin masu ba da tallafin, ya ce tun da sojoji suka karɓi mulki turawa sun riƙe hannu, abin da ya rage kuma duk ya tafi ga yunwa. Na ce mashi wanda aka yi wa fashi ma yana jin yunwa. Bai yi dariya ba. Zan sake rubutawa.

Alhamis, 11 ga Maris
Ƙauyen Koona, wurin Zara'u. 'Yan fashi sun tare ta tana dawowa daga kasuwa, suka kwashe awakinta huɗu, suka karya mata hannu. A wannan shekara ta fari da yunwa, awakin nan su ne hatsinta. Sati uku ba ta fita ko rijiya ba. Na zauna ina sussukar gero da surukarta. Ban tambaye ta komai ba. Da la'asar ita da kanta ta fara magana.

Asabar, 27 ga Maris
Sun sake maido shi. Wai sai mun buɗe buro, wato ofis mai ƙofa da kujeru biyu, mutum ya zo ya zauna ya faɗi damuwarsa. Zara'u ta shiga ɗaki da baƙo ta rufe ƙofa? Na rubuta abin da muke yi, mu bakwai, matan majami'a da na masallaci: mu je gida, mu zauna, mu kira liman ko fasto in an so, mu raka mutum wurin jandarma mu juya mashi Faransanci. Ban ƙara kujera ko ɗaya ba.

Laraba, 14 ga Afrilu
Zara'u ta ba da bayani gaban jandarma. Ta faɗi komai har ta gama.

Juma'a, 7 ga Mayu
Malam Gado ya zo da kanshi. Ya duba takardun, ya tambayi inda na yi karatun wannan aiki, don akwai gurbin da za a cika. Na yi niyyar in ce ni malamar makaranta ce dā. Sai na ji bakina yana cewa:
"A hanyar Mayahi na koya, malam. Can aka kashe maigidana Amos, shekara shida ke nan. Babu wanda ya raka ni ko'ina."
Ya aje biro. Sannan ya ce, "Madam Alheri, in rubuta haka?"
Na ce ya rubuta. Ban taɓa faɗa wa matan ƙungiya ba da bakina, ko da yake sun sani.

Talata, 25 ga Mayu
An amince, na wata shida kawai, kuma rabin abin da muka nema. Ya isa kuɗin mota da magani. Babu maganar buro.
An aiko daga Kanan-Bakaché, can hanyar Mayahi, wani tsoho aka sara a gonarshi. Dā Maryamu, 'yar ƙungiyarmu, nake turawa duk abin da ya shafi wancan gefen, in ce ƙafata ke ciwo. Yau ni na shiga motar. Na zauna gefen taga. Da muka iso wurin da aka kashe Amos, ban rufe ido ba. Itatuwa ne kawai da rairayi, da wata mata tana kora jaki.
Tsohon sunanshi Ɗan Baba. Jibi zan koma.