Igiya Bakwai Daga Bakin Rijiya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da 'ya'ya da jikoki. Allah ya sassauta miki ciwon gwiwar nan, ya bar miki hasken idonki. Mu nan da sauƙi. Matar babban ɗana ta sauka lafiya, an sami mace, kuma kowa ya ce hancinki ta ɗauko, na ce Allah ya sa ba ta ɗauko bakinki ba. Telan bakin kasuwa ne yake rubuta mini, na kuma gargaɗe shi ya sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ya yi mata ado.

Yaya, ki tuna shekarar da ruwa ya tafi da rumbuna. Da ƙasa ta tsane, Baba ya tasa mu gaba zuwa gona, ni da ke da ɗan'uwanmu marigayi Dogo. Ya kwance igiyar guga, ya auna sau bakwai daga bakin rijiya, ya haƙa, ya ciro rabin dutsen niƙa. Ya haɗa shi da ɗaya rabin da ke ɗakin Inna, suka zauna daram kamar ba a taɓa fasa su ba, ya mayar da na gonar raminsa ya binne. Ya ce kakan kakansa ne ya fasa dutsen, saboda ƙanwarsa ta dawo gida da takaba ta tarar maza sun yanke gona kaf, ta ƙare tana surfe a gidajen mutane har ta mutu. Shi ne ya cire daga rijiya zuwa dutsen a cikin sulusinsa, ya yi wasiyya kada a raba, kada a sayar, a bar wa duk 'yar gidan da duniya ta koro. Sannan Baba ya murɗe kunnen kowannenmu don kada mu manta, kamar yadda aka murɗe nasa. Nawa har yau idan sanyi ya sauko yana yi mini zogi.

To, kin san Tsuntsuwa, 'yar autanmu, ita ke cikin gonar nan tun rasuwar mijinta. Damina huɗu ke nan ita da marayunta biyar suna ci daga ciki, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Yanzu 'ya'yan Dogo biyu, Direba da Mai Shago, sun yi ciniki da wani mai buga bulo, rijiyar yake so. Sun ce ubansu bai taɓa faɗa musu wata wasiyya ba, wurin yana cikin rabonsu. Na kai ƙara gaban alƙali da rabin dutsen na ɗakin Inna a cikin buhu. Ya saurare ni da mutunci, amma ya ce dutse ɗaya ba shaida ba ne, baki ɗaya ma haka. Ya ba ni zuwa Alhamis ta sama, in kawo ɗaya rabin da shaida na biyu, in ba haka ba, zai sa hannu a kan cinikin.

Ba zan ɓoye miki ba, laifin nawa ne. Ni ya kamata in kai yaran nan wurin tun suna ƙanana in murɗe musu kunne. Amma shekarar da muka yi rigima da Dogo a kan saniya na rantse ba zan taka gona da zuriyarsa ba, nawa 'ya'yan kuma na yi ta cewa sai baɗi. Kin sha faɗa mini kafiyata za ta ja mini. Ni ba ta taɓa ni ba, a kan Tsuntsuwa ta faɗa.

Na je na auna igiya bakwai na haƙa, babu komai. Na matsa na sake, babu. Rami tara na yi cikin kwana uku, da hannuna, don na hana kowa taɓa fartanyar. Mutane suka taru a kan kunya suna kallo. Mai Shago ya tambaye ni ko gyaɗar bara nake nema, Direba kuwa ya ce a mai da ni gida, wai tsufa ya fara yi mini wasa. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya karya ni shi ne da Tsuntsuwa ta kawo mini ruwa ta ce in bari haka, ta riga ta fara ɗaure kayanta. Na tambaye ta ina za ta, ta ɗauki kwanon ruwan ta juya gida.

Jiya ina jan ruwa sai abin ya faɗo mini. Rijiyar nan sau biyu aka ƙara mata zurfi bayan Baba. Igiyar yau ba igiyar Baba ba ce, ta fi ta tsawo nesa ba kusa ba, ni kuwa da ita nake ta awo kamar wawa. Duk ramukana sun wuce wurin.

Saura abu ɗaya, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa, tela ma na sa ya rantse. Ban san ta wace fuska Baba ya ja igiyar ba. Kowa ya ɗauka babu abin da ya kuɓuce mini, ni ake tambaya ranar haihuwa da iyakar gona, amma kukan kunnen da na yi ran nan ya shafe mini wannan daga kai. Ina ce gabas ne, wani lokaci kuma sai in ga kamar wajen tsamiyar da ta faɗi. Ke kika riƙe bakin igiyar, ke ce babba, ba ki yi kuka ba. Don Allah, Yaya, don darajar Inna, ki sa a kira wayar tela ki faɗa mini. Kuma ki zo. Na san tafiyar kwana biyu ce, na san gwiwa, na san rabonki da gida shekara goma sha tara kuma ni na jawo da bakina. Na tuba. Ko a kan katifa ne a bayan mota su kawo ki, ki buɗe baki gaban alƙali sau ɗaya. Daga ni sai ke muka rage a cikin waɗanda aka murɗe wa kunne.

Ki gaishe mini da babbanki Malamin Makaranta da iyalinsa, da 'yan biyu, da takwarar Inna, da yarinyar nan kishiyar gwiwarki mai yi miki tausa. Uwar gidana tana gaishe ki, Tsuntsuwa ma haka, ko da yake ba ta san na rubuto ba.

Gobe da sassafe, in Allah ya kai mu, zan sa a ɗaura mini igiya a ƙugu a zura ni cikin rijiyar. Inda ginin dutse na magabata ya ƙare, siminti ya fara, nan ne tsohon gindinta, daga nan zan auna igiyar Baba. 'Ya'yana sun ce ba za su riƙe ba, wai na haura tamanin. Na ce to, Tsuntsuwa za ta riƙe. In na fito zan yanke igiyar daidai, in zauna a bakin rijiya da fartanyata ina jiran ki ce mini gabas ko tsamiya.

Ni ne ƙanenki,
Sarkin Gardama